Kuɗin raino da haraji a Amurka: amsa ga 'yar uwar da ke biyan Goggo hannu da hannu

Wata 'yar uwa ce ta turo tambaya daga Bronx, bari in taƙaita. Ita tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidan kuma yana tuƙin Uber da daddare, yaransu biyu, ɗaya shekara 3 ɗayan shekara 7. Wata dattijuwa a benensu da suke ce wa Goggo ita ke riƙe ƙaramin tun safe, babban ma in an taso makaranta wajenta yake sauka, ana biyanta dala 200 duk sati a hannu. Abin da suka samu su biyun a shekara ya kai kamar dala 70,000. Wai ta ji ana cewa gwamnati tana maida wa mutum kuɗin raino, gaskiya ne? In gaskiya ne me ya sa mai cike musu haraji bai taɓa faɗa musu ba?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Eh gaskiya ne akwai shi, sunansa a takardun hukumar haraji ta IRS Child and Dependent Care Credit, kuma a fom 2441 ake cike shi a haɗa da sauran takardun harajin shekara. Amma tun yanzu ki rage buri kaɗan, don ba duka kuɗin ake maidowa ba, ko rabi ma bai kai ba. Kuma a irin yanayinki abin da zai hana ki samu ba lissafi bane, Goggo ce, ko in ce yadda kike biyan Goggo. Zan zo kanta, fara ganin nawa ake magana a kai tukuna.

Dala 200 sau sati 52, kin kashe dala 10,400 kenan a shekara. Toh doka ba ta kallon wannan duka. Iyakar abin da take ƙirgawa dala 3,000 ne in yaro ɗaya ne, dala 6,000 in biyu ne ko fiye, ko da yaranki biyar ne a wajen raino 6,000 ɗin ce dai. Kuma wannan iyakar tun 2003 take a haka ba ta motsa ba in ban da shekarar 2021, ki duba yadda kuɗin gidan raino ya tashi a New York daga 2003 zuwa yau ki ga abin takaici. Daga cikin 6,000 ɗin sai a ɗauki wani kaso gwargwadon samunku. A dokar da ta yi aiki har zuwa shekarar haraji ta 2025, mai samun dala 15,000 ko ƙasa shi ke da kashi 35 cikin ɗari, daga nan yana raguwa da maki ɗaya a duk ƙarin dala 2,000, har in samu ya haura 43,000 sai ya tsaya a kashi 20. Ku da kuke wajen 70,000 kashi 20 ne naku, wato dala 1,200. Shikenan abin da ake ta magana a kai, dala 1,200 a kan 10,400.

Daga shekarar haraji ta 2026 abin ya ɗan gyaru. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga kason sama zuwa kashi 50, yana saukowa zuwa 35, kuma ma'auratan da suka cike tare suna nan a kan 35 ɗin har sai samunsu ya wuce dala 150,000, daga nan ne yake fara gangarowa zuwa 20. Ga wanda ba shi da aure iyakar 75,000 ce. Kinga ku kenan 1,200 ta koma 2,100 da kuɗin rainon nan dai da kike biya. Ƙarin dala 900 ba abin rainawa bane. Iyakar 3,000 da 6,000 kuwa ba su taɓa ta ba.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, 6,000 ɗin nan ba dole sai an raba ta daidai tsakanin yaran ba. In duk kuɗin a kan ƙaramin ya tafi, babban kuma ba a kashe masa ko sisi ba, matuƙar bai kai 13 ba kuma yana gidanki, ki rubuta sunansa a fom ɗin da sifili a gabansa, iyakarki 6,000 ce ba 3,000 ba. Na sha ganin takardun da aka cike aka bar sunan babban yaro a waje don wai ba a biya masa komai ba, aka yi asarar rabin kuɗin a banza.

Sai ki gane yadda kuɗin ke zuwa, don ba cek ake turo miki daban ba. Harajin da ya hau kanku ake ragewa, dala da dala, shi ake ce wa kiredit. In harajinku na tarayya ya kai 4,000 sai ya koma 2,800. In kuma harajinku sifili ne tun asali, toh babu abin da za a rage, kuma ba za a ba ki ragowar a hannu ba. Wannan shi ne babban aibin tsarin a ganina, don waɗanda suka fi buƙata, masu ƙaramin albashi, su ne aka rubuta wa kaso mafi tsoka a takarda amma su ne ba su da harajin da za a rage musu. Shekara ɗaya tak aka taɓa ba da shi a hannu, 2021, lokacin korona, da aka ɗaga iyakar zuwa 8,000 da 16,000 a kan kashi 50, har wasu suka karɓi dala 8,000. Mafi yawan masu ce miki gwamnati na maida kuɗin raino wannan shekarar suke tunawa. Ta wuce, ba a sabunta ba.

Amma ku kuna da harajin da za a rage. In aka cire dala 31,500 da ake yafe wa ma'aurata a 2025 daga 70,000, harajin abin da ya rage yana kaiwa wajen 4,100 a lissafi na sama-sama. Za ki iya ce min ai kiredit ɗin yara da muke samu duk shekara ya riga ya cinye wannan harajin, me ya rage? Nan ne wasu masu cike haraji suke yin kasala. Kiredit ɗin yara, wanda yake dala 2,200 kan kowane yaro a 2025, daban yake da na raino, kuma ana cin duka biyun a kan yaro ɗaya. A tsarin lissafin, na raino ake fara cirewa, sannan na yara ya biyo baya. Shi na yara kuwa in ya yi saura ana maido da shi a hannu har zuwa dala 1,700 kan kowane yaro. Kenan na raino yana ture wani ɓangare na na yara zuwa inda za a ba ki shi kuɗi, a ƙarshe dai 1,200 ɗin tana shigowa aljihunki ta bayan gida. Abin da kawai ba ya taɓawa shi ne harajin masu aikin kansu da maigidan ke biya a kan ribar Uber, wannan yana nan daram.

Yanzu sharuɗɗa. Yaro ya zama bai cika 13 ba lokacin da aka yi rainon, in ya cika a tsakiyar shekara ana ƙirga abin da aka kashe kafin ranar. Kuma ya zauna a gidanku fiye da rabin shekara. Wannan ya fitar da masu tura yara gida wajen kaka a Kano ko Kumasi ko Yamai suna aika kuɗin kula da su duk wata, kuɗin nan komai yawansa ba ya shiga, tunda yaron ba ya gabanki. Sannan rainon ya zama don ku samu ku yi aiki ne ko ku nemi aiki, kuma ku duka biyun ku zama kuna da kuɗin da kuka samu ta aiki a shekarar. In ɗaya yana zaune a gida babu kiredit, sai dai in ɗalibi ne na cikakken lokaci na aƙalla wata biyar a shekarar, ko kuma mai lalurar da ba ya iya kula da kansa, su ana ɗauka kamar suna samun dala 250 a wata in yaro ɗaya ne, 500 in biyu ne ko fiye. Mata masu karatun nas su riƙe wannan.

Maganar cewa maigidan yana gida da rana kada ta dame ki. Littafin bayani na IRS mai lamba 503 ya kawo misalin irin naku sak, ɗaya na aiki da rana ɗayan na aikin dare yana barci da rana, kuma ya ce kuɗin rainon ya shiga.

Inda nake so ki duba da kyau shi ne ribar da aka rubuta wa maigidan. Kuɗin rainon da za a ƙirga ba zai wuce samun wanda ya fi ƙarancin samu a cikinku ba, kuma ga mai aikin kansa riba ake kallo bayan an cire kuɗin mota da sauransu, ba jimillar abin da Uber ta turo ba. A 2025 ana cire santi 70 kan kowane mil. In aka yi ta cire-cire har ribarsa ta koma dala 4,000, iyakarku ta faɗo ƙasa da 6,000 kenan. In aka nuna ya yi asara ko ya tashi a tutar babu, kiredit ɗin ya tafi gaba ɗaya. Ba cewa nake a ƙi cire abin da ya halatta ba, doka ma ta ce a cire. Ina magana ne kan masu ƙara mil ɗin da ba a yi ba don a ga riba ta ɓace, suna ganin dabara ce, alhali ban da haɗarin bincike suna zubar da wasu haƙƙoƙin da suka fi abin da suka ɓoye.

Dole kuma ku cike a matsayin ma'aurata tare. In kowa ya cike nasa daban a matsayin mai aure, babu wannan kiredit ɗin, sai ga matar da mijinta bai zauna a gidan ba a wata shidan ƙarshe na shekara kuma ita ke ɗauke da fiye da rabin kuɗin gidan. Ita kuma al'adar nan da wasu masu cike haraji suka koya wa mutanenmu, miji da mata suna ɗaki ɗaya amma a rubuta matar a matsayin shugabar gida marar miji don kuɗi ya fi yawa, wallahi ki guje ta. Ranar da za a nemi takardun harajinku wajen neman zama ɗan ƙasa ko sayen gida za ki gane kuɗin bai kai wahalar ba.

Toh mu zo kan Goggo. A sashen farko na fom 2441 ana so ki rubuta sunan mai rainon, adireshinta, lambar harajinta, da adadin da kika biya ta. Lambar nan ko dai ta soshiyal (wato soshiyal sikiyoriti), ko ITIN ta waɗanda ba su da ta soshiyal, ko EIN ta masu sana'a. Akwai wata 'yar takarda mai suna W-10 da ake ba mai raino ta cike waɗannan bayanan ta sa hannu, ba a tura wa IRS, ke za ki ajiye a wajenki. Ina kyautata zaton nan ne mai cike muku haraji ya tsaya, ya san yawancin mutanenmu a hannu suke biya ba rasit ba lamba, sai ya daina tambaya ma. Ko kuma shi ma bai damu ba, tunda kuɗin aikinsa ɗaya ne ko ya cike ko bai cike ba.

Abin da ya sa maganar ke da nauyi, duk abin da kika rubuta kin biya Goggo, kin faɗa wa gwamnati kenan cewa Goggo ta samu wannan kuɗin. In ita ba ta bayyana shi a nata harajin ba, wasiƙa za ta iya zuwa mata. Doka ta ba ki hanya in mai raino ta ƙi ba da lamba, ki rubuta sunanta da adireshinta ki haɗa da bayanin cewa kin nema ta hana, kuma IRS tana iya amincewa in ta ga kin yi iya ƙoƙarinki. Hanyar tana nan. Amma ni ba zan ba ki shawarar ki bi ta a bayan idon matar da ke riƙe miki ɗa tun asuba ba, matar da gobe za ku haɗu a suna ko a masallaci. Dala 1,200 ba ta kai a ce ke ce kika kai sunan Goggo hukuma ba tare da saninta ba. Kuma in ta yi fushi ta ce ki nemi wani wajen, ki je ki tambayi nawa gidan raino mai lasisi yake karɓa a sati kan yaro ɗan shekara 3, za ki dawo ki ba ta haƙuri.

Zama za ki yi da ita, da ladabi, in da hali da 'yarta ko ɗanta da ya san takardu. Ki ce Goggo ga abin da na ji, ga abin da zan samu, me ke hana ki? Yawanci abu uku ne. Wata tsoron ba da lambar soshiyal take, wannan mai sauƙi ne, tunda a gidanta take rainon sana'arta ce, za ta iya neman EIN kyauta a shafin IRS ta riƙa ba iyaye ita. Wata kuma tsoron harajin take, toh gaskiya zai hau kanta, harajin masu aikin kansu kashi 15.3 ne a kan riba. Amma riba ce ba duka kuɗin ba, tana cire abincin da take ba yaran da kayan wasa da makamantansu, sannan abin da ta biya yana tara mata makin fansho na soshiyal sikiyoriti, wanda sai mutum ya tara maki 40, kusan aikin shekara goma, kafin ya cancanta. Dattijan matanmu nawa ne suka yi shekara ashirin suna raino a Amurka amma a takarda kamar ba su taɓa aiki ba? Ta uku ita ce mai wuya, in tana cin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko tallafin haya wanda aka gina a kan cewa ba ta da samu, ko kuma takardun zamanta ba su cika ba. A nan kada ki matsa, kuma kada ke ki zama mai ba ta fatawa. Ta ga lauyan shige da fice ko ma'aikacin da ya san dokar tallafin kafin sunanta ya hau kowace takarda. In abin bai yiwu ba ki haƙura da kiredit ɗin ki lissafa cewa rahusar da take miki ta fi shi.

Wasu iyayen suna raba amfanin da mai rainon, su ƙara mata wani abu a sati don ya rufe harajin da zai hau ta. Da kason 35 na 2026 wannan ya fi yin ma'ana fiye da da, tunda abin rabon ya ƙaru.

In ta yarda, daga ranar ki daina biya a hannu ba shaida. Ki tura ta Zelle ko cek, ko in lallai sai tsabar kuɗi ki sayi ɗan littafin rasit ta riƙa sa hannu duk sati, da kwanan wata da sunan yaran. A watan Janairu ta rubuta miki jimillar shekara a takarda ɗaya. Ki ajiye su aƙalla shekara uku. Wani ƙarin bayani, in wajen yana kula da mutum fiye da shida, doka tana ɗaukarsa cibiyar raino, kuma sai ya cika dokokin jiha da na gari kafin kuɗin da aka biya shi ya shiga. Don haka ki san yara nawa ne a ɗakin Goggo.

Da a ce ita ke zuwa gidanki tana rainon, ke ke tsara mata lokaci da yadda za ta yi, da labarin ya canja, kin zama uwar ɗakinta a idon doka. In abin da kika biya ya kai dala 2,800 a 2025 sai kin biya mata harajin ma'aikata kin cike fom ɗinsa mai suna Schedule H. Mutane suna mantawa da wannan sai sun rubuta a fom cewa a gidansu aka yi rainon.

'Yan uwa fa? Za ki iya biyan mahaifiyarki ko yayarki ko ƙanwar maigida ya shiga, matuƙar ba ki rubuta ta cikin waɗanda kike ɗauke da nauyinsu a harajinki ba. Waɗanda ba sa shiga su ne mijinki, uban yaron ko da kun rabu, da ɗanki ko 'yarki da ba ta kai 19 ba a ƙarshen shekara. Hajiya kuma da ta zo daga gida da bizar ziyara don ta taya ki jego, ba ta da izinin aiki, kada wani ya ce ki rubuta kin biya ta albashi don ki ci kiredit, za ki ɓata mata biza a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke shiga da wanda ba ya shiga kuwa, kuɗin nazare da duk abin da ke ƙasa da kindagatin yana shiga ko da ana koyar da karatu a ciki. Daga kindagatin zuwa sama kuɗin makaranta ba ya shiga, amma kuɗin riƙe yaro kafin a shiga aji ko bayan an tashi yana shiga. Sansanin yara na dogon hutu wanda ake zuwa da safe a dawo da yamma yana shiga ko na ƙwallo ne, wanda ake kwana ba ya shiga ko kaɗan. Kuɗin lesin ba ya shiga. Islamiyyar Asabar da Lahadi da ake kai yara ranar da kike gida, karatu ne ba raino don aiki ba, ki bar ta a waje, ladanta na wajen Allah. In kina da baucan raino na gari, abin da ya fito daga aljihunki kawai za ki rubuta, ba abin da gwamnati ta biya ba. In kin yi rashin lafiya ko hutu na sati biyu ko ƙasa kuma dole kika biya, ba sai kin cire ba. Amma in kuka tafi gida wata biyu kuna biya don a riƙe muku gurbi, ki cire wannan daga lissafi.

Tunda ɗanki shekararsa 3 kuma kuna cikin birnin New York, ki nemi gurbin 3-K, wato nazaren gwamnatin birni na 'yan shekara uku, kyauta ne. In ya samu, awannin da za ki biya Goggo sun ragu, wannan kaɗai zai iya fin kiredit ɗin amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma asusun raino na wajen aiki da ake kira FSA, in kamfaninku yana da shi. Ana cire kuɗin daga albashi kafin haraji ya taɓa shi, sai ki biya raino ki kawo rasit a maido miki. Iyakarsa dala 5,000 ce tun 1986 in ban da shekarar 2021, sai daga 2026 ta koma 7,500. Za ki ga abin da aka cire a akwati na 10 na takardar albashinki ta shekara mai suna W-2. Mutane suna jin an ce babu haraji sai su ruga, amma ki tsaya ki yi lissafi, don duk dalar da ta bi ta FSA ana rage ta daga 6,000 ɗin kiredit. In kika sa 5,000 saura 1,000, in kika sa 6,000 ko fiye babu sauran komai. Ku da kuke matakin haraji na kashi 12, abin da FSA ke tsirar muku a tarayya shi ne 12 ɗin da kuma 7.65 na soshiyal da Medicare, kusan kashi 20 kenan, sai ɗan abin da ya ƙaru na jiha da gari. A da kunnen doki suke da kiredit, ko FSA ta ɗan fi. Amma a 2026 da kiredit ɗinku ya koma kashi 35, shi ya fi muku. FSA ta fi dacewa da masu babban albashi waɗanda kasonsu ya sauka zuwa 20. Ga shi kuma in shekara ta ƙare ba ki kashe abin da kika tara ba yana iya salwanta. Kuma ita ma sai da lambar mai raino, ba ta raba ki da maganar Goggo ba.

Kada ki manta da jiha. New York tana da nata kiredit ɗin raino a fom IT-216, kuma nata ya fi na tarayya kirki ta fuska ɗaya, ga wanda ya zauna a jihar shekara cur ana ba shi a hannu ko da ba shi da haraji. Saboda haka ko wanda samunsa ya yi ƙasa har na tarayya bai amfane shi ba, ya cike bayanan rainon don na jiha. Birnin ma yana da nasa ƙarami ga masu samun dala 30,000 ko ƙasa da yara 'yan ƙasa da shekara 4, wannan ku kun wuce shi. 'Yan uwa na Minnesota su ma nasu ana ba da shi a hannu. Kowace jiha da tsarinta, wasu ma babu.

Shekarun baya da ba ku nema ba, ana iya gyarawa da fom 1040-X cikin shekara uku daga lokacin da aka shigar da takardun. Na 2021 mai tsokar nan ƙofarsa ta rufe ga yawancin mutane tun Afrilun 2025. Sauran kuwa sai in kina da shaidar biya kuma Goggo ta yarda, don gyara naki yana nufin ita ma ta gyara nata na waɗannan shekarun, abin da zai iya jawo mata biyan bashin haraji da tara. Ni da zan zaɓa miki, ki bar na baya ki gyara na gaba.

Shi kuma mai cike muku haraji, in kin koma ki tambaye shi kai tsaye me ya sa babu fom 2441 a takardunku, ki ji amsar da zai bayar. Ki duba ƙasan shafi na biyu na 1040 ɗinku na bara ko ya sa sunansa da lambarsa ta masu cike haraji mai suna PTIN. In wajen fayau yake, ko an rubuta kamar ku kuka cike da kanku alhali kun biya shi, ki canja shi, don ranar da matsala ta taso ba za ki gan shi ba. In kuma ya ce kada ki damu da Goggo shi yana da sunan wani gidan raino da lambarsa da zai sa miki, ki tattara takardunki ki fita, sa hannunki ne a ƙasan takardar ba nasa ba. Akwai shirin VITA da IRS ke tallafawa inda masu aikin sa kai da aka horar suke cike wa masu matsakaicin samu kyauta, ana yi a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu, sai dai ki fara kira ki tambaya ko samunku ya shiga iyakarsu kuma ko suna karɓar na masu Uber, don ba kowane waje ke yi ba. Ranar da za ki je ki riƙe W-2 ɗinki, takardun 1099 da ke nuna samun maigida da lissafin mil ɗinsa, katin soshiyal na yaran duka biyun, da W-10 da takardar jimillar da Goggo ta sa wa hannu in Allah ya sa ta amince.